Badala, Kududdufi da Dandali: Wuraren Wasan Yaran Birnin Kano da Suka Shuɗe

Birnin Kano na cikin ganuwa bai taɓa mallakar lambun shaƙatawa irin wanda aka sani a biranen Turai ba, wato fili mai shinge wanda hukuma ta keɓe, ta dasa masa itatuwa da ciyawa, ta ajiye kujeru da lilo domin jama'a su huta. Duk da haka, dattawan da suka tashi a Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi ko Madabo tsakanin shekarun 1950 da 1980 ba sa tuna ƙuruciyarsu da ƙuncin wurin wasa, domin birnin da suka buɗe ido a cikinsa yana cike da sarari wanda ba a gina komai a kansa ba, kuma babu mai karɓar ko sisi kafin yaro ya shiga. Wannan sarari shi ne lambun yaran birni, kuma yadda ya salwanta a cikin shekaru kaɗan yana da nasaba da yadda aka same shi tun farko: ragowar wasu ayyuka ne na tsaro da gini da noma da ibada, babu takardar da ta ce na yara ne, saboda haka da ayyukan suka mutu ba a sami wanda zai tsaya masa ba.

Asalin wannan yalwa yana komawa ga dabarar yaƙi. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar Kano, sannan aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Masu wannan aiki sun kewaye ƙasa wadda ta ninka gidajen mutane nesa ba kusa ba, domin idan abokan gaba suka yi wa gari zobe, dole a sami gonaki da makiyaya da ruwa a ciki, a kuma sami inda mutanen ƙauyuka za su fake da dabbobinsu. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna da fadama, shi kuma Bajamushe Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, adadin da yakan ninka idan fatake suka sauka da rani. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903 ganuwa ta daina aikin tsaro, gayyar da ake yi don yi mata yaɓe ta tsaya, amma filayen da ta rungume sun daɗe suna nan, musamman ta yamma da arewa, wajen Goron Dutse da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Waika.

Ita kanta ganuwar ta koma hannun yara. Kanawa sun fi kiranta badala, sunan da a asali yake nufin dakalin da ke jikin ganuwa ta ciki inda mayaƙa ke tsayawa su yi harbi, kuma wannan dakali da gangaren da ruwan sama ya zaizaye sun zama wurin tsere da zamiya da wasan yaƙi tsakanin unguwa da unguwa. Daga saman badala yaro yana hango gonaki da hanyoyin da ke shigowa daga karkara, yana ganin ayarin jakuna ɗauke da itace ko hatsi, ta wajen Ƙofar Mazugal kuma yana hango dalar gyaɗa, wato buhunan gyaɗa da ake jerawa su yi tsini kafin jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas, har zuwa shekarun 1970 da cinikin ya durƙushe. Inda ganuwa ta rushe har mutane suka mayar da wurin hanya ana ce masa haure, shi ya sa har yau ake jin Hauren Shanu da Hauren Wanki a bakin masu bin titin tsohuwar Jami'ar Bayero, sunayen da ke nuna abin da ake yi a wurin a da, ko da yake mai wucewa yanzu shaguna da gidaje zai gani.

Kududdufi ne ya fi kowane wuri tasiri a rayuwar yaran wancan zamani, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin labarinsa ya ƙunshi labarin sauran. Kududdufi rami ne da ya samu sakamakon haƙar ƙasar gini: birnin da aka gina da tubalin ƙasa, aka yi masa rufin soro da azara, aka shafe shi da makuba, yana bukatar jar ƙasa kowace shekara don gyaran abin da damina ta ɓata, kuma magina ba sa zuwa nesa neman ta, a bayan unguwa suke haƙa. Da tafiya ta yi tafiya sai kowace unguwa ta wayi gari da ramukanta, waɗanda ruwan sama ke gangarawa cikinsu daga lunguna, su cika da damina, wasu su ƙafe da bazara, wasu kuwa ba a taɓa ganin ƙasansu ba. Mafi girma a cikin ruwayen birni shi ne Jakara, wanda ya ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi ya fice ta arewa maso gabas. Manya suna amfani da kududdufi wajen wanki da shayar da dabbobi da ban ruwan lambu da kwaɓa ƙasa, yara kuwa a nan suke koyon iyo, su ɗana ƙugiya su kama tarwaɗa, su kori agwagi, su ɗebi laka mai danƙo su gina shanu da dawaki da tukwane su shanya a rana. Ranakun Alhamis da Juma'a, da makarantun allo ke hutu, su ne ranakun da bakin kududdufi ya fi cika.

Ba daidai ba ne a yi wa kududdufi kwalliyar da ba tasa ba, kamar yadda masu begen jiya kan yi. Ruwa ne da ba ya gudu, dagwalon gidaje yana zuba a ciki, sauro yana ƙyanƙyasa a gefensa, kuma katantanwar da ke zaune a irin wannan ruwa ita ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ta yawaita a tsakanin yara maza har wasu iyaye suka ɗauke ta alamar balaga. Kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ruwa ya ci, kuma tatsuniyoyin aljanun ruwa da iyaye mata ke tsoratar da 'ya'yansu da su, dabara ce ta hana su zuwa inda bulala ta kasa hana su. Abin da ya kamata a yi wa waɗannan ruwaye shi ne gyara: a tsare su daga ƙazanta, a gina musu gaɓa, a dasa itatuwa a kewaye. Abin da aka yi kuwa shi ne an bar su sun mutu. Da bulo da siminti da kwanon rufi suka maye gurbin tubali, sai bukatar jar ƙasa ta ragu, kududdufi ya rasa masu kula da shi, ya zama juji, bola ta cike shi sannu a hankali, daga nan wani ya zuba ƙasa a kai ya yanka filoti. Ruwan saman da ramukan ke shanyewa bai daina sauka ba, sai dai ya rasa masauki, kuma wannan yana daga cikin manyan dalilan da lungunan birni ke cika da ruwa bayan kowane mamako, gidajen ƙasa da suka rage suna faɗuwa. Shi kansa Jakara an rufe wani sashe nasa da kankare a aikin titin Wuju-Wuju, wanda aka fara a zango na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015.

Idan rana ta faɗi, wasa yakan koma dandali, wato filin da ke ƙofar gidan mai unguwa ko wani babban gida, inda lunguna ke haɗuwa. A daren farin wata 'yan mata sukan yi da'ira su yi gaɗa, wasan tafi da waƙa wanda ɗaya ke faɗawa baya sauran su tallabe ta su cilla, 'yan talla suna gefe da farantan gyaɗa da dakuwa da alewa, yara maza kuma suna langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar yana neman ka da abokin karawa, ko kokawa, ko ɓuya. Daga goma ga watan azumi dandali da ƙofofin gidaje sukan koma fagen tashe, wasannin kwaikwayo na barkwanci da yara ke zagayawa da su bayan shan ruwa ana ba su hatsi ko kwabbai, kuma Kano tana da Nalako, sarkin gwagware, wanda tashensa na tsokanar marasa aure ya shahara har fada. A irin waɗannan filaye ne gardawa masu wasa da kura da maciji da biri suke yada zango, 'yan kama su ba da dariya, kuma a nan ne motar majigi, wato silimar tafi-da-gidanka ta hukuma, takan kafa farin ƙyalle ta nuna finafinan tsafta da noma da labaran duniya kyauta. Da salla kuwa masu lilon katako da masu hayar keke sukan kafa sana'arsu a duk inda sarari ya samu, su kwashe kuɗin barka da sallar da yara suka tara.

Dutsen Dala, wanda tarihin Kano ya faro daga gindinsa tun zamanin Barbushe da tsafin Tsumburbura, shi ne hasumiyar wannan lambu marar shinge. Hawa kansa kyauta ne, daga can kuma ana ganin birni gaba ɗaya, da koriyar ƙubbar babban masallaci da Gidan Rumfa da Goron Dutse. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da 'yan mata sukan yi ado su yi tururuwa zuwa saman dutsen, al'adar da ta rayu har yau duk da sukar da wasu malamai ke yi mata. Sai dai gidaje sun matso dutsen ta kowane gefe, zaizayar ƙasa tana cin jikinsa, kuma iyaye da yawa ba sa barin 'ya'yansu su hau shi a ranakun da ba na biki ba saboda tsoron ɓata-gari.

Nishaɗin da ake biya da kuɗi ya shigo ta bayan ganuwa. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa filin sukuwa da na folo da kulob a ɓangarensu na Nasarawa da Bompai, tsarin gari na wancan lokaci kuma ya tanadi tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don haka ciyawa da inuwar da aka tsara da gangan ba ta talakan birni ba ce. Gidajen silima ma a waje suka fara, Rex ta buɗe a 1937, kuma gobarar silimar El-Duniya ta ranar 13 ga Mayun 1951, wadda ta hallaka mutum 331, ta ƙarfafa ra'ayin masu ganin silima wurin saɓo ne. Shi ya sa da aka buɗe silimar Palace a Jakara a farkon shekarun 1950, ta farko a cikin birni, aka yi ta ce-ce-ku-ce har da jifan masu shiga. Yaran da suka girma suna laɓewa a bakin ƙofarta domin jin waƙoƙin finafinan Indiya sun ga ranar da aka mayar da ginin asibiti.

Lambun hukuma na farko da ɗan birni ya ɗauka nasa ne shi ne Gidan Zu. Kwamishinan 'yan sanda Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano bayan ƙirƙiro ta a 1967, wanda ya yi mulki har 1975, shi ya kafa shi a farkon shekarun 1970 a kudu da ganuwa, a wurin da a lokacin bayan gari ne, kuma titin da ya bi ta gabansa har yau da sunan gidan ake kiransa. Gwamnan yana da ra'ayin cewa hutu da yawon buɗe ido suna cikin abin da gwamnati za ta tanadar wa jama'a, shi ya sa a zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga da otal ɗin da ke kusa da ita, da otal ɗin tafkin Bagauda, wanda daga baya aka mayar da shi reshen makarantar horar da lauyoyi ta Nijeriya. Ga yaron da bai san zaki da giwa da raƙumin dawa ba sai a tatsuniya, ranar da aka kai shi Gidan Zu rana ce da ba ya mantawa, kuma zuwa can ya shiga jerin al'adun salla tare da kallon Hawan Daushe da Hawan Nasarawa. Wurin yana nan, cike da manyan itatuwa a tsakiyar unguwannin da suka kewaye shi, ko da yake dabbobin da suka tsufa suka mutu ba duka aka maye gurbinsu ba. A watan Yunin 2019 sunansa ya zagaya duniya da labarin cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara a hutun salla, labarin da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ƙaryata da cewa babu ma goggon biri a gidan. An yi dariya an wuce, ba a kula da abin da adadin ke nunawa ba, wato yawan iyalan da ke tururuwa da kuɗinsu a 'yan kwanaki kaɗan domin kawai 'ya'yansu su sami inuwa da sararin gudu. A 2020 gwamnatin ta bayyana niyyar mayar da gidan zuwa Tiga, tafiyar da ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan masu zuwansa, amma ba a aiwatar ba.

Dalilan da suka cinye filayen birni ba ɓoyayyu ba ne. Na farko yawan jama'a: a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, waɗanda suka raba tsohon birni a tsakaninsu tare da wasu unguwannin waje, sun haura mutum miliyan 1, kuma gidan gado da ake rabawa tsakanin magada yakan haɗiye zaure da tsakar gida kafin ya miƙa hannu zuwa dandali. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, shi ne matsayin filin a idon doka. A da, ƙasar da ba kowa a kanta tana hannun sarki da masu unguwanni, kuma kunyar jama'a tana hana a taɓa dandali ko makabarta ko gindin badala. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna, ta yadda duk filin da ba shi da takardar mallaka ya zama abin da sa hannu ɗaya zai iya mayarwa rukunin shaguna. Tsarin raya birnin Kano na shekara 20 da B. A. W. Trevallion ya shirya domin 1963 zuwa 1983 ya zo ya wuce, gari ya yi gaba ya bar shi a takarda. A kan haka aka ƙara mota da babur da suka mayar da lungu wurin haɗari, da 'yan daba da masu ƙwacen waya, da wa'azin da ya yi tir da cakuɗuwar maza da mata a dandali, da talabijin da bidiyo da wayar hannu da suka zaunar da yara a ɗaka.

Rikicin filin idi na Ƙofar Mata ya isa misali. Fili ne da ake salla a cikinsa sau biyu a shekara, sauran kwanaki kuwa na masu ƙwallo ne da masu koyon keke da mota. An yanka gefensa an gina shaguna a zamanin gwamnatin Ganduje, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a watan Yunin 2023, sannan Babbar Kotun Tarayya ta umarci a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30. An yi muhawara mai zafi a kan 'yan kasuwa da siyasa da diyya, kowane ɓangare da hujjarsa, amma da wuya a ji wanda ya ambaci yaran Yakasai da Fagge a cikin masu haƙƙi a wurin. Haka Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 domin faɗaɗa titi aka sake gina ta da kayan zamani, duk da cewa tun 2007 ganuwar Kano take cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Hukumar ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun gado na bil'adama a watan Disambar 2024, abin alfahari ne, sai dai doki da mahayi da mai kallo duka fili suke bukata.

Wuraren wasan zamani da 'yan kasuwa suka buɗe a bayan ganuwa, da irin wanda ke cikin rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014 kusa da Gidan Zu, suna da injinan lilo da motocin lantarki waɗanda yaran wancan zamani ba su taɓa mafarkinsu ba, kuma ba laifi ba ne a ce sun fi kududdufi tsafta da aminci. Matsalarsu ita ce kuɗin mota da kuɗin shiga da kuɗin kowane wasa, wanda magidanci mai 'ya'ya takwas a Kurna ko Ƙofar Wambai ba zai iya biya ba sai sau ɗaya a shekara, in ma ya iya, alhali wasa bukata ce ta kullum ga jikin yaro da hankalinsa.

Birnin Alƙahira ya fuskanci irin wannan hali, kuma abin da ya yi yana da amfani ga Kano fiye da misalan Landan ko New York. A gefen tsohon birnin akwai wani tudu da aka shafe kusan shekara 500 ana zubar da shara da ɓaraguzai a kansa, gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta mayar da shi Lambun Azhar mai faɗin hekta 30, wanda aka buɗe a hukumance a 2005, kuma a cikin aikin ne aka tono ganuwar zamanin Salahuddin al-Ayyubi ta ƙarni na 12 wadda shara ta binne, aka gyara ta, aka horar da matasan unguwar da ke maƙwabtaka sana'ar gini da sassaƙa. Kano tana da duk kayan irin wannan aiki: ragowar badala tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, da kududdufan da ba a gama cikewa ba, da gindin Dala da Goron Dutse, da filin Mahaha da matasa suka riƙe da ƙwallo. Abin da ya rage shi ne Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar da za ta lissafa waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, a auna su, a buga iyakokinsu a jaridar gwamnati a matsayin filayen jama'a da babu gwamnan da zai iya yankawa, a kuma sa masarauta da masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban unguwa cikin masu kula da su, tun kafin damina da masu neman filoti su gama da abin da ya saura.